Ɗangiwa Mai Awon Ƙasa da Tasa

Ɗangiwa ƙanen babana na, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kar wani shi ce ƙazafi nika yi mai. Ni Tambaya ɗiyar Ɗanmaliki, aji ukku nit tsaya Tambuwal. Abin da nika rubutawa nan da idona nig gani, wanda ban gani ba ko, dut garinmu Tungar Jumare an san shi.

Ungozoma tas sa mai Ɗangiwa, wai ba ta taɓa ɗaukar jinjiri mai nauyi awa shi ba. Nauyin nan nan yat tsaya. Yau in kag gane shi, awa karan dawa da anka sa ma riga.

Ba sana'ar da bai taɓa ba, kuma ba wadda ta riƙe shi. Ya yi ƙira kwana tara, wuta tat taɓa mai gemu, yab bari. Ya tafi fataucin goro Jega sau guda, yak komo da kwando da labari. Aikin da yad daɗe ciki shi na haƙar rijiya, shekara fuɗu shina bin babana. Shi ma ba shiga shika yi ba. Babana ka shiga rami, shi shina bisa shina jan gugan ƙasa shina ba mutane labarin zurfin.

Wata rijiya sunka kama can Jabo, wuri mai rairayi. Babana yac ce mai shi saro itace a tokare gefe. Baffa yac ce rana ta yi zafi, a bari sai gobe, yau dai a ƙara kamu biyu. Gefen yar rufta da babana ciki. Ina shekara shidda. Tun ran nan maganar Baffa guda ta: ƙasa tam motsa, da ƙafatai yaj ji. Dut Jabo, da mutane da jakkai, ba wanda yaj ji motsin nan sai shi. Inna ko ta ci gaba da zuba mai koko dut safe awa ba abin da yaf faru.

Shekarar da anka samu mulkin kai, yat tafi kasuwar Tambuwal, yaj ji rediyon wani tela na faɗin wani gari ƙasar Maroko ya rushe da girgizar ƙasa, mutane dubbai sun mutu. Kowa wurin shina salati. Baffa yak komo gida bakinai hal kunne.

"Atu, kin ji?" yac ce ma Inna. "Ashe tana motsi. Rediyo ya faɗi."

Mutane dubbai ƙarƙashin gini, shi ko ya samu sheda.

Da ranin da yab biyo, sai ga wani Bature da malaminai ɗan Zariya cikin mota, suna awon duwatsu da rijiyoyi, wai taswirar Jihar Arewa aka gyarawa. Sunka nemi wanda yas san rijiyoyin yankin, kuma mai iya ɗaukar kaya. Maigarinmu Na'iya yad duba yag ga mutum guda na ba shi da abin yi, yab ba su Baffa. Kwana goma sha biyu shina biye da su, Tambuwal, Dogon Daji, hal Kebbe, ɗauke da wani ƙarfe mai ƙafa ukku.

Bisa ƙarfen nan akwai wata 'yar kwalba da ruwa ciki, da ɗan kumfa guda. Dut inda anka kafa shi, Bature shi duƙa shi dubi kumfan, shi murɗa, shi rubuta. Ni na san abin ga. Maginan da sunka gina ajinmu suna da irinai, don su ga ko bango ya miƙe. Baffa ko bai tambayi kowa ba. Ya ga ruwa na motsi, ya ga Bature na rubutu, ya gama karatu.

Malamin kuma shina da tambayoyin da shika yi ma tsofaffi kowane gari. Rijiya ta taɓa ƙafewa? Gulbi ya taɓa cin gari? Ƙasa ta taɓa girgiza? Wani tsoho Kebbe yac ce ta girgiza ƙwarai, shekarar da Nasara sunka shigo Sakkwato. Wata tsohuwa da taj ji tambayar tac ce a'uzu billahi, ai maganar tashin duniya ta, tas shige ɗaki. Malam yar rubuta babu. Baffa yac ce a rubuta Jabo. Malam yac ce wa kuma yaj ji? Yac ce shi ɗai. Malam yar rufe littafi yan nemi ruwan alwala.

Da sunka tafi, sunka bar mai tsohuwar rigar kaki da guntun fensir. Mutumin da bai san alif ba ko boko ko ajami. Fensirin shina bayan kunnenai hal yau, bai rage ko ƙanƙane ba.

Nan fa aiki yat tashi. Yaɗ ɗauki tasar Inna, ta cin tuwo, bai ko roƙa ba. Shi cika ta da ruwa, shi aza ƙasa, shi sa tsinke bisa ruwan, shi kwanta rub da ciki shi ƙura ido. Wai ƙasa iri ukku ta. In ruwa bai motsa ba, ƙasa mai barci. In yaɗ ɗan yi rawa, mai gyangyaɗi. In tsinke yaj juya, wannan ƙasa idonta biyu, ko yau ko gobe. Yas samu fatar akuya yaz zana garuruwa da gawayi, Kebbe nan, Jabo nan da baƙi ƙirin, Tambuwal can gefe wajen wutsiya.

Kuma mutane sunka karɓa. Wannan shi ka ba ni haushi fiye da shi kainai. Rigar kaki ta. In ka sa ma jaki kaki garinmu, sai an durƙusa mai. Shi hau jakin aro shi shiga ƙauye, a shimfiɗa mai tabarma, a dama mai fura, shi kwanta shi dubi tasa shi ce barci taka yi, kowa shi yi hamdala. Liman yac ce mai wannan sanin Allah na, yac ce ai shi ba hana ta shika yi ba, faɗi ɗai shika yi. Da iyakar abin ke nan, da ban ɓata tawadata ba. Shi ci furar banza can. Sai yaj juyo bisa gidanmu.

Unguwarmu Gangare aka ce mata, gida biyar na gindin gari, bakin fadama, bisa laka mai tauri. Matan unguwar dakau suka yi, su daka ma masu fura da masu tuwon kasuwar Kebbe. Babbarsu Goggo Ummu, bangonmu guda da ita. Gidanmu ɗaki biyu na, sai rijiya tsakar gida, ta ƙarshe da babana yah haƙa yag gama. Ruwanta ko watan bazara ba shi ƙafewa. Da ita Inna ka ban ruwan albasa da tattasai bayan gida, da su muka ci muka sutura. Ba mu da gona, ba mu da namiji. Rijiyar nan ita ta gonarmu.

Sau ukku Baffa na aza tasa tsakar gidanmu, sau ukku tsinke na juyawa. Yat tafi wurin Maigari da fatar akuyatai. Bai ce mai mutane za su mutu ba, ya san wannan ba ya tada Na'iya. Cewa yay yi, ran da ƙasa tah haɗiye Gangare, hukumar En'e za ta aiko takarda a tambaya, kuma za a ce an gaya ma Maigari ya ƙi. Na'iya ba shi tsoron kura awa yadda shika tsoron takarda. Ran nan sanƙira yay yi shela, Gangare ta tashi ta koma Tudu kafin ruwan farko.

Tudu rairayi na da ƙaya. Rijiya mafi kusa sai ka yi tafiyar da goro zai ƙare bakinka. Gida biyu sunka bi umurni. Wata safiya Baffa yaz zo da ƙarti takwas, sunka cicciɓi jinkar ɗakin Inna gaba ɗaya, sunka hau da ita Tudu suna waƙa, sunka aje bisa turaku. Ɗakin yat tsaya baki buɗe shina kallon sama. Sunka ce jibi za su komo ma ɗayan.

Inna taj jawo kujera taz zauna bakin rijiya.

"Ku ɗauki rijiyar ga ku fara kai min," tac ce, "sai in biyo ku."

Ni ko nit tare shi ƙofar gida.

"Baffa, wa yan naɗa ka?"

"Ke, ba a yi ma manya tsaye."

"To na durƙusa. Wa yan naɗa ka? Bature ya ba ka takarda?"

"Ya ba ni riga."

"Ya ba ka tsumma. In munka hau Tudu mi za mu ci?"

"Rai aka fara nema, ɗiyata. Ke aji ukku ya kumbura miki kai. Ni kwana goma sha biyu ina tare da ilimin kainai."

"Kana ɗauke da shi bisa kai dai, awa jakin da anka ɗora ma littattafai."

Yaɗ ɗaga hannu za shi mare ni, yat tuna kokonai na cikin gidanmu, yas sauke yaw wuce ni.

Washegari da hantsi ina jan ruwa, nic cika ƙwarya nis sauke ta ƙasa. Ruwan shiru. Sai su Goggo Ummu sunka sa taɓare bayan bango, turmi shidda lokaci guda. Nig ga fuskar ruwan ta fara ɓari. Nit tsaya. Da sunka dakata don su yi bakace, ruwa yak kwanta. Sunka koma, yak koma. Nit tsinki tsinke nis sa, yaj juya awa mai rawar kalangu.

Na zauna nan bakin rijiya ban san ko dariya za ni yi ko kuka ba. Shekara goma sha tara ina cikin ƙarar dakan nan, ban taɓa jin ta ba. Wa ka jin daka? Awa ka ce mutum shi ji numfashinai.

Da Baffa yaz zo shan koko, nim matsa kusa da ladabi, hal da sunkuyar da kai.

"Baffa, wane lokaci kaka auna gidanmu?"

"Da hantsi. In na zo gaida Atu."

Gaida Atu. Gaida ƙwaryar koko dai.

"Tudu fa?"

"Bayan azahar, in rana ta ɗan yi sanyi."

Wato lokacin da kowace mace ta aje taɓarya ta miƙe ƙafa. Ƙauyukan da shika zuwa ma, kafin jakin aro shi kai shi, rana ta take, daka ya ƙare. Dut ƙasar Tambuwal da Kebbe barci taka yi, sai inda shika karyawa kyauta.

Da na gaya mai nan take, da ya ce ƙuruciya ta. Da na gaya ma Maigari, da ya ce in turo namiji. Sai nit tafi wurin Goggo Ummu. Ta saurara hal nig gama, taɓarya na hannunta.

"Wato mu ka girgiza duniya," tac ce. "Shekara talatin ina daka, ba wanda yat taɓa gaya min ina da wannan ƙarfi."

Allah yas sa ana shirin suna gidan Maigari can Tudu, ana neman masu taya daka. Da safe, ranar da anka ce za a ɗauke jinka ta biyu, Goggo da matanta sunka ɗauki turamensu sunka hau Tudu, sunka jera su jikin bangon zaure ta cikin gida. Zauren Na'iya daɓe na mai tauri, shi ɗai na wurin da ba rairayi dut Tudu. Nic ce su jira sai sun ji na yi bisimilla da ƙarfi.

Zaure cike da dattawa, Baffa na gefe cikin kaki, ƙartinai na waje suna jira. Budurwa ba ta shiga zauren Maigari ana zaman fada. Nis shiga. Nid durƙusa.

"Ranka shi daɗe, roƙo niz zo."

"Ɗiyar wa ta wagga?"

"Ta marigayi Ɗanmaliki," wani yac ce. "Mai bakin nan."

"Ranka shi daɗe, za mu tashi yau. Amma Inna na tsoro. Tac ce a auna mata nan Tudu gaban dattawa, in ta ji sheda hankalinta shi kwanta."

Baffa hal ya fara kwance tasa daga tsumma. Ba shi ƙin taro. Anka kawo ruwa, yaz zuba, yas sa tsinke, yak kwanta rub da ciki gaban Maigari, ƙafafunai awa muciya biyu. Ruwa shiru.

"Kun gani," yac ce. "Barci mai nauyi. Hal minshari."

"To, bisimillahi," nic ce, yadda za a ji ni bayan gari.

Taɓare shidda sunka sauka. Dattawa goma sha suna zaune, ba wanda yaw waiwaya, dut idonsu na tasa. Ruwa yaf fara ɓari. Tsinke yaj juya, yas sake juyawa. Nig ga Maigari ya janye ƙafafunai daga ƙasa a hankali ya naɗe su bisa gadon zama. Wani tsoho yaf fara lalaben sandatai. Liman na motsa baki.

Baffa yaɗ ɗago kai, fuska awa toka.

"Ranka shi daɗe," yac ce, "ta farka."

"Nan? Gidana?"

"Idonta biyu."

Na bar su sun ɗan dahu. Sannan niɗ ɗaga murya.

"Goggo, ku dakata."

Daka yat tsaya. Ruwa yak kwanta.

"Ku ci gaba."

Yat tashi.

Sau ukku ina yi. Na ukkun ban ko ce komi ba, Liman da kainai yak kira, "Ummu, ƙara ɗaya mu gani." Sai dariya tab ɓarke. Tsohon nan mai sanda hal da hawaye. Maigari bai yi dariya ba, shina neman yadda za shi sauke ƙafafu ba a lura ba.

Na zaci Baffa za shi naɗe tasa shi fita. Ban san shi ba ashe. Yaz zauna yad dubi ruwan, yad dubi bango, yac ciro fensir daga bayan kunne yaj jujjuya.

"Ashe ku na," yac ce. "Ashe ku ka tada ta. Ranka shi daɗe, ka ga amfanin awo. Ƙasa na barcinta, mata na sara mata taɓarya bisa kai dut safiya. Dole a hana daka garin ga."

Daga bayan bango muryar uwargidan Maigari taz zo, ba ta ko ɗaga ta ba.

"To madalla. Yau sai ku ci tsaba."

Wannan karon hal ƙartin waje sunka shiga dariyar. Baffa na ta magana cikin hayaniya, wai a rage turame, wai a yi daka bisa rairayi, wai ƙasar Maroko ma wa yas sani ko dakan na. Ban ga zuwan Inna ba. Ashe ta biyo ni, tana tsaye bakin zaure, mayafi hal goshi. Ba ta shigo ba. Ta jira dariya ta lafa.

"Ɗangiwa," tac ce, "ranar Jabo wa ka daka?"

Shekara goma sha ukku ba ta taɓa ambaton Jabo gabanai ba. Baffa yad dubi tasa awa amsar na ciki. Inna ta ba shi lokaci, hal fiye da yadda ni za ni ba shi, sannan taj juya tas sauka Gangare.

Maigari yay yi gyaran murya. Bai ce an yi kuskure ba, irinsu ba su faɗin haka. Cewa yay yi maganar tashi an ɗage ta sai Bature ya komo, kuma wanda yac cire jinka shi maida ta. Bature ko shekara biyu ke nan ba mu sake ganin ko tayar motatai ba.

Kada ku zaci Baffa ya tuba. Hal yau shina yawo da tasar can ƙauyukan bayan Dogon Daji inda labari bai kai ba. Abin da yaƙ ƙaru kawai, yanzu in ya isa sai shi aika a ce mata su aje taɓare. Dut inda yat tafi ƙasa barci taka yi, kuma shi yas sa ta.

Gida biyun da sunka hau Tudu, guda ya komo. Ɗayan, gidan Namadi, sun riga sun rushe bango sun kwashe ƙasar, sunka zauna can. Matatai na saukowa ɗibar ruwa wurinmu sau fuɗu a yini da ciki wata bakwai. Ba wanda yac ce mata sannu, balle Baffa.

Jinkar Inna kwana tara tana Tudu bisa turaku. Ƙartin da sunka hau da ita da waƙa kowa ya sami uzuri. Sai da hadari yaf fara haɗuwa gabas, Inna ta aika ma Baffa cewa daga gobe ba koko. Kafin azahar ya tattaro mutum shidda, sunka sauko da ita ba waƙa, gefe guda ya karye. Sunka aza sunka watse, sunka bar shi da gyara.

Da la'asar shina can ƙololuwar ɗaki, ya rungume tukku da hannu guda, igiya na bakinai, iska na kaɗa kakin. Ni ko ina da geron tuwon dare ban surfa ba. Nij jawo turmi gindin ɗakin, daidai ƙarƙashinai.

Yat tofar da igiya.

"Tambaya. Ɗiyata. Dakata in sauka."

"Ka gama ɗaurin?"

"Saura gefen gabas."

"To ta nan ruwa ka shigowa, Baffa."

"Atu, ki yi mata magana. Da gaske nika, ba a wasa da abin ga."

Inna na bayan rijiya da guga tana ban ruwan albasa, layi bayan layi. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Zuba gero," tac ce min. "Rana na faɗuwa."

Niz zuba.